Ka Kwanta a Daji, Kare Ya Nemo Ka

A fitowar da ta wuce na ambata a gurguje cewa ranakun Asabar nakan je tsauni in ɓuya wa karnukan ceto. Layi biyu ne kacal a ƙarshen amsar wata tambaya ta daban, amma wasiƙun da suka biyo baya sun fi na kowane wata yawa. Na zaɓi huɗu. Sauran ku yi mini uzuri, yawancinku tambayarku ɗaya ce da ta farko.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Manchesta. Na ga sanarwa a wani shagon kayan hawan dutse cewa ana neman waɗanda za su riƙa ɓuya a tsauni don horar da karnukan ceto. Abin ya ba ni sha'awa, sai dai ban taɓa riƙe kare ba, gaskiya ma tsoronsu nake ji. Mene ne ainihin aikin? Irina zai iya?
Ƙaninka, daga Manchesta

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Irinka zai iya, don ni ma irinka ne. Har yau akwai tabon haƙori a ƙwaurina na hagu, daga wani kare da ya kama ni a bayan gari a Ringim ina ɗan shekara tara. Da wannan tsoron na zo Ingila aikin jinya, da shi na yi shekara takwas ina tsallake titi in na hango mai kare yana tahowa. Yanzu shekarata biyar ina wannan aikin da kake tambaya.

A baki aikin ba shi da yawa. Za a ba ka dogon buhu mai hana ruwa shiga, da 'yar oba-oba, da abin wasan karen, a nuna maka wani lungu a jikin tsauni, gindin dutse ko cikin kwazazzabo, a ce je ka kwanta. Kai ne mutumin da ya ɓata. Masu karnukan suna kiran irinmu "bodi", wato gangar jiki, domin abin da ake nema a wurinka ke nan da farko: jikin ɗan Adam mai ɗumi, mai numfashi, a inda kare bai sani ba. Ba a biya. Su ma masu karnukan ba a ba su ko sisi. A ƙungiyar da nake zuwa akwai mai gyaran famfo, da direban motar asibiti, da wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyar da lissafi. Dukkansu sun daɗe a ƙungiyar ceto ta tsauni kafin a yarda su fara horar da kare, kuma in mutum ya ɓata 'yan sanda ne ke kiransu, ko da ƙarfe biyun dare ne. A Birtaniya abin ya faro ne daga Sikotlan. Wani gwanin hawan dutse, Hamish MacInnes, ya je Suwizalan ya ga yadda karnuka ke gano mutanen da dusar ƙanƙara ta binne, ya dawo gida Glencoe ya kafa ƙungiyar karnukan nema da ceto ta SARDA a 1965. Tun daga lokacin babu karen da ya ƙware ba tare da wasu bayin Allah sun kwanta masa a ƙasa ba.

Sai ka san abin da karen ke bi sannan za ka gane dalilin dokokin da za a gindaya maka. Yawancin karnukan tsauni ba sawu suke bi ba, iska suke shaƙa. Jikin mutum kullum yana zubar da ɓarɓashin fata da ido ba ya gani, ga gumi, ga numfashi, iska kuwa tana kwasa tana tafiya da su kamar hayaƙin murhu: siriri a kusa da kai, yana faɗaɗa in ya yi nisa. Ƙwayoyin jin wari a hancin mutum kamar miliyan 6 ne, na kare sun haura miliyan 200. Shi ya sa za ka ga mai kare ya tsaya ya tsinki ciyawa ya saki, ya ga inda iska ta nufa, sannan ya riƙa tura karen yana ratsa ta dama da hagu har hancinsa ya ci karo da hayaƙin nan naka. In rana ta ɗumama jikin tsauni iska sama take hawa, da yamma kuwa in ta huce sai ta gangaro kwari kamar ruwa. Mai kare duk yana lissafa wannan kafin ya ajiye ka. Na taɓa tashi daga inda aka ajiye ni na matsa bayan wani dutse, taku ashirin kawai, don iska ta ishe ni. Wani matashin kare ya zo ya yi ta zagaya wurin da na bari yana kuka, warin mutum ya cika wurin amma babu mutum. Sai da mai shi ya yi sati uku yana gyara ruɗanin da na jefa shi.

Bari in ba ka labarin ranata ta farko, don gani ya kori ji. Wata Asabar ce ta watan Nuwamba, a gindin Kinder Scout, tudun nan mai tsayin mita 636 da ke tsakanin garinku da Sheffield inda nake zaune. Dattijuwar nan tsohuwar malamar lissafi ta raka ni har gindin wata rusasshiyar katangar duwatsu, ta miƙo mini igiya mai kauri da aka ƙulla wa ƙwallo, duk ta sha haƙori, ta ce in cusa ta cikin riga, kada in fito da ita sai ta ɗaga mini hannu. Ta tafi abinta. Na shiga buhu na ja zif har haɓa. Ƙasar wurin baƙa ce, jiƙaƙƙiya, mai taushi kamar soso, sanyinta yana ratsa tabarmar roba yana shiga ƙashin baya. Hazo ya sauko har na daina ganin ƙarshen katangar. Ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa a kan buhu da kukan wata tunkiya can nesa. Na kai minti 40 a haka, ina jan carbi a cikin aljihu.

Sai na ji ƙararrawa. Ana ɗaura wa karnukan 'yar ƙararrawa a jikin rigar aiki, da fitila in dare ne. Ƙarar ta wuce ta ƙasa da ni, ta yi nisa har na ce shi ke nan ta rasa ni, sai ta tsaya cak. Daga baya aka gaya mini a nan ne karyar ta ɗaga kai, iskata ta bugi hancinta. Ƙarar ta juyo tana ƙara sauri, ƙirjina na dukan uku-uku. Kafin in ankara wani hanci mai sanyi ya taɓa kumatuna. Karya ce baƙa mai farin wuya, irin na makiyayan tumaki, ba ta fi 'yar akuya girma ba. Ta kalle ni ido cikin ido, ta yi haushi, ta juya a guje ta koma wurin uwar ɗakinta ta yi mata haushi, ta dawo wurina, ta sake komawa. Sau huɗu tana wannan kai-komo har ta jawo matar zuwa inda nake. Jakar abincina tana kusa da kaina, ko shinshinarta ba ta yi ba.

Aka ɗaga mini hannu, na zaro igiyar, a nan kuma na gaza. Miƙa mata kawai na yi kamar mai miƙa takarda a ofis. Ta kama ta ja sau biyu, ta ji babu rai a hannuna, ta saki. Dattijuwar ba ta yi faɗa ba. Durƙusawa ta yi ta ce mini wannan wasan shi ne albashin karyar gaba ɗaya, saboda minti ɗayan nan ta yi gudun da ta yi a cikin laka. In wasan ya zama lami, gobe za ta rage sauri, wata rana kuma wanda ke kwance tsoho ne da sanyi ya fara kashe masa jiki, kuma rage saurin nan ne zai raba shi da iyalinsa.

To wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ya fi yi wa Bahaushe nauyi. An rene mu da kamun kai, magidanci ba ya birgima a ƙasa yana ihu. Abin da ya kwance ni shi ne tuna kakana, wanda mafarauci ne, yadda yake wa karnukansa kirari in sun kamo zomo, muryarsa na tashi sama, yana dukan cinya. A zagaye na biyu da ta same ni na saki murya da Hausa: yauwa, madalla, kin yi, 'yar albarka! Na ja igiya ta ja, na bari ta rinjaye ni, na bari ta ci. Ba ruwan kare da yaren da kake yi, farin cikin da ke muryarka yake saurare. Ranar na koma gida da laka har cikin kunne, kuma tsoron da na ɗauka shekara talatin bai biyo ni cikin mota ba.

Ba kullum za ka yi dogon kwanciya ba. Da 'yan kwikwiyo ake farawa da abu mai sauƙi: ka kaɗa abin wasa a gabansa, ka ruga ka faɗi a bayan dutse yana kallonka, a sake shi. Daga nan a rufe masa ido ka ɓuya, daga nan a ƙara nisa, a ƙara lokaci, a koma dare, a koma ruwan sama. Kafin kare ya ci jarrabawa a sa shi cikin masu fita aiki yakan ɗauki shekara biyu, wani har uku. Kuma kafin duk wannan sai ya ci jarrabawar tumaki: a kai shi tsakiyar garke, manomi na tsaye yana kallo, tumaki su watse a gabansa bai ko waiwaye su ba. Tsaunukan nan makiyaya ce ta mutane, wanda ya bi tunkiya ba ya wucewa gaba. A ranakun jarrabawa ne bodi kan kwanta awa uku ko huɗu.

Game da shiri, sanyin kwance daban yake da sanyin tafiya. Ka sa riguna kala-kala a kan juna, ka guji na auduga a jikin fata don in sun jiƙe ba sa bushewa, ka riƙe safa ta biyu, da hular sanyi, da shayi a fulas. Kada ka kira karen, kada ka ba shi abinci, kada ka kashe oba-oba. In sanyi ya kai ka ga karkarwa ka faɗa, babu mai ganin gazawarka, su kansu sun fi son haka. Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a cikin ciyawa, wasu na ɗauke da cutar Lyme, don haka ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka koma gida ka duba jikinka. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar suna matsowa kusa da juna. Ni da alwalata nake fita, kuma tun ranar farko na gaya musu ina buƙatar 'yan mintoci tsakanin zagaye da zagaye. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. In bizar karatu gare ka, wadda ta ƙayyade maka awa 20 na aiki a sati lokacin zango, ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ka gaya musu irin sa-kan da za ka yi kafin ka fara.

Akwai dalilin da ya sa nake so kai ɗin nan ka je. Karen da kullum mutum biyar ɗin nan yake nema, su biyar ɗin yake ƙwarewa a kai. Ana buƙatar sababbin jiki: maza da mata, mai gemu, mai lulluɓi, mai warin sabulu daban da abinci daban. Ranar da na naɗe fuskata da mayafi kamar rawani saboda iska, wani saurayin kare ya same ni sarai amma ya toge daga nesa, ya kasa ƙarasowa. Mai shi ta roƙe ni in riƙa zuwa da mayafin, muka yi ta maimaitawa har ya daina damuwa. Mutanenmu yanzu suna hawa tsaunukan nan, tsofaffinmu suna zaune a garuruwan da ke gindinsu. Gara kare ya saba da kamanninmu a ranar wasa.

TAMBAYA: Malam, na karanta abin da ka rubuta, raina bai kwanta ba. Mu dai mun tashi mun ji kare najasa ne. Ta yaya Musulmi zai bari kare ya taɓa shi, sannan ya tashi ya yi salla?
Hajiya, daga Gwammaja, Kano

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mahaifiyata ma da na fara gaya mata, abin da ta fara tambaya ke nan, kuma ban ga laifinta ba. Zan faɗa miki abin da na karanta a zaure a gaban malamina, wanda a kansa na dogara.

A mazhabar Imam Malik, wadda ƙasarmu ke bi, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa mai rai cikin abubuwa masu tsarki, tare da hawayensa da guminsa da yawunsa. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki ingantacce ne, sai dai malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada, ba hujjar cewa jikin karen najasa ne ba. Cikin abin da suka kafa hujja da shi akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda Allah ya halatta mana cin abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo mana, alhali da baki suke kamowa. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin yawun kare najasa ne mai nauyi, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Saɓani ne tsakanin manyan malamai, kuma wanda ya bi ra'ayin tsanani don kiyaye addininsa ba a zarginsa.

Batun ajiye kare daban ne. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, in ban da na farauta, da na kiwo, da na gona. Wato an hana ajiyewa don sha'awa, an bar ta don buƙata. Masu sharhin Risala ma suna kawo labarin cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi; da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. In an yarda da kare don tsaron tunkiya da dawa, a ganina wanda zai nemo yaron da ya ɓata a daji ya fi cancanta. A cikin surar nan dai, aya ta 32, aka ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya.

Ni a aikace ga yadda nake yi. Ba ni da kare a gida, ba kuma na shirin ajiyewa. Mai ɓuya ba ya buƙatar mallakar kare. Ina da rigar sama da safar hannu da na ware don wannan aikin, in zan yi salla in tuɓe su, in wanke hannu da fuska, in shimfiɗa dardumata a kan dutse. Ba don ina ganin sallata ba za ta yi ba nake haka, don zuciyata ta natsu ne, kuma don iyalina su natsu da kayan da nake shigowa da su gida. Hajiya, ki kai wa malaminki waɗannan wurare da na ambata ya duba miki, na fi son ki ji daga bakin wanda kika amince da shi.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina cikin waɗanda suka yi tono da hannu ranar da makarantar Saints Academy ta rufta a unguwar Busa Buji. Har yau abin bai bar raina ba. Muna da karnukan farauta a unguwarmu. Za mu iya horar da su su riƙa nemo mutane a ƙarƙashin gini?
Wani matashi, daga Jos

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ina bakin aiki na ga hotunan, rai 22, yawancinsu yara 'yan makaranta. Kafin nan an yi na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21, mutum fiye da 40. Tambayarka tana kan hanya.

Abu na farko da masu wannan aiki a duniya suka sani shi ne yawancin waɗanda ake zarowa da rai maƙwabta ne ke zaro su, a sa'o'in farko, kamar yadda kuka yi. Bayan kwana uku fata na raguwa ƙwarai. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 ne aka ga buƙatar tsara aikin ƙungiyoyin ceto na ƙasashe, aka kafa INSARAG a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991. A girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta ci rai fiye da 50,000 a ƙasar kaɗai, karnuka sun zo daga ƙasashe da dama, har wani na sojojin Meziko mai suna Proteo ya mutu a can. Amma babu mai taso jirgi daga Turai don makaranta ɗaya ta faɗi a Jos. Karen da zai yi amfani shi ne wanda ke kwana a cikin garin.

Sai dai ban ba ka shawarar ɗaukar babban karen farauta ba. An riga an koya masa cewa abin da ya samu ya bi shi, ya kama, ya girgiza. Karen ceto kuwa so ake ya ga mutum kwance ya yi murna, ya tsaya yana haushi, bakinsa bai taɓa shi ba. Ku nemi ɗan kwikwiyo daga cikin zuriyar, mai son wasa har ya ishi mutane, marar tsoron ƙara, marar faɗa. Karnukanmu na gida suna da abin da na Turai ba su da shi: sun jure zafi, jikinsu ba nauyi, ƙafarsu ta saba da dutse. Ku jawo dattijan mafarauta a jiki, don karatun iska da na biya kuɗin mota na koya a Ingila, kakana ya san shi tun ban zo duniya ba. Kafin komai a yi wa kwikwiyon allurar ciwon haukan kare, a riƙa sabuntawa. Ku kuna da sa'a, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom kusa da ku tun 1924.

Karen ɓaraguzai ba ya kai-komo irin na tsauni, tsayawa yake a inda warin ya fi fitowa ya yi ta haushi. Ana fara koya masa da ganga mai murfi ko bututun kwalbati: mutum ya shiga da abin wasa, kare ya yi haushi, murfi ya buɗe, wasa ya tashi. Sannu a hankali a ƙara ganguna marasa kowa, a sa abinci a wata, tsumma a wata, har ya gane mutum mai numfashi kaɗai ke buɗe murfi. A koya masa tafiya a kan tulin bulo, da kwanon rufi mai motsi, da cikin duhu, da kusa da janareta. Ku yi da sassafe ko da yamma, don kare mai haki ba ya shinshina da kyau, kuma ko a wurin aiki na gaske kamar minti 20 yake yi a huta da shi. Mai ɓuya ya zama baligi, gangar ta kasance da hujojin iska, wani na tsaye da agogo, a kuma duba maciji da kunama kafin kowa ya shiga rami. Kada a sa yaro a ganga ko da wasa.

Abu na ƙarshe, kada ku yi shi ku kaɗai. Tun yanzu ku je wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, da 'yan kwana-kwana, da Red Cross, su san ku, su zo su ga horonku. Karen da bai gama koyo ba in ya yi haushi a inda babu kowa, mutum ashirin za su ɓata awa biyu suna tono a banza. Shi ya sa a ƙa'ida in kare ɗaya ya nuna wuri, sai an kawo na biyu ya tabbatar. Ku fara da kwikwiyo biyu ke nan, da mutum shida ko bakwai da za su yarda su riƙa shiga ganga duk sati har shekara biyu. Samun mutanen nan zai fi samun karnukan wuya.

TAMBAYA: Surukina yana zaune da mu, yana da ciwon mantuwa. Sau ɗaya ya fita da asuba sai a tashar bas aka gan shi. In ya sake fita ba mu gan shi ba, waɗannan karnukan za su taimaka?
'Yar'uwarka, daga Bradford

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya. Za su taimaka, tsofaffi masu irin wannan lalura suna cikin waɗanda aka fi fita nema. In ya fita kuka duba gida da layi ba ku gan shi ba, ki kira 999 nan take. Maganar sai an jira awa 24 ba gaskiya ba ce, balle ga mai ciwon mantuwa a ƙasar sanyi. 'Yan sanda ne za su kira masu karnuka.

Tun yau ki nemi fom ɗin da ake kira Herbert Protocol a shafin 'yan sandan yankinku, ki cike ki ajiye: hotonsa na kwanan nan, magungunansa, wuraren da ya saba zuwa, tsohon gidan da ya zauna, masallacin da ƙafarsa ta saba. Ki tabbata kin rubuta abu biyu a ciki. Na ɗaya, sunan da yake amsawa da harshen da ya koma yi, domin da yawa in ciwon ya yi nisa Turancin kan zube, Hausa ta rage. Mai nema zai iya wucewa yana kiran sunan fasfo, Baba na jin sa bai amsa ba. Na biyu, in yana tsoron kare ki rubuta, don mai karen ya san zai iya ƙara lafewa in ya ji haushi.

Akwai kuma karnuka masu bin sawun mutum ɗaya tak, ko a cikin gari. Su sai an shinshina musu wani abu nasa, a kai su inda aka gan shi na ƙarshe. Don haka ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada kowa ya gyara ɗakinsa. Rigar matashinsa da hular da ya kwana da ita a bar su inda suke, kada a wanke, kada a taɓa, ki ja ƙofar ki tsaya a bakinta har mai karen ya iso ya ɗauka da kansa.